Waldar Milimita Shida: Nazarin Kifewar Dandamalin Alexander L. Kielland

Da yammacin ranar 27 ga Maris 1980, wajen ƙarfe shida da rabi, mutanen da ke kan dandamalin Alexander L. Kielland a filin mai na Ekofisk, ɓangaren Norwe na Tekun Arewa, suka ji wata ƙara kamar an karya babban ice, sai girgiza ta biyo baya. Kafin su farga dandamalin ya karkace da digiri 30 zuwa 35, wuta ta ɗauke. Ɗaya daga cikin ƙafafunsa biyar, wadda ake kira ƙafar D, ta ɓalle ta bar jikinsa. Bayan kimanin minti ashirin igiyar anga ta ƙarshe da ke riƙe da shi ta tsinke, ya kife gaba ɗaya. Mutum 212 ne a kai. 123 sun rasu, 89 suka tsira.

Ana ruwa da iska a ranar, teku kuma a murɗe yake, amma yanayin bai kai kusa da abin da aka ƙera dandamalin ya jure ba. Guguwa ce irin wadda Tekun Arewa ya saba yi duk shekara. Wannan ne ya sa lamarin ya zama abin koyarwa ga duk mai aikin kula da lafiyar gine-ginen teku: dandamalin bai cika shekara huɗu da fitowa daga masana'anta ba, kuma abin da ya kashe shi yana jikinsa tun ranar da aka miƙa shi.

Yadda aka ƙera shi

Kielland dandamali ne mai iyo, irin wanda rabin jikinsa ke nutse. Ƙirarsa ta Faransa ce da ake kira Pentagone, kamfanin CFEM ya gina shi a Dunkirk, aka miƙa shi a 1976. Mai shi kamfanin Stavanger Drilling ne, Phillips Petroleum ke haya, Det Norske Veritas kuma ita ce hukumar da ta ba shi takardar inganci. Ƙafafu biyar ne a tsaye, daga A zuwa E, kowace faɗinta ya kai mita 8.5, kowace tana zaune a kan wata ƙatuwar ganga mai iyo mai faɗin mita 22. Abin da ya haɗa ƙafafun da juna da kuma bene shi ne jerin manyan bututun ƙarfe, waɗansu a kwance waɗansu a gicciye. Su ne matokarai. Ƙafar D matokarai shida ke riƙe da ita.

Don haƙar mai aka gina shi, amma bai taɓa haƙa rijiya ko ɗaya ba. Masauki aka mai da shi, aka yi ta ɗora ɗakunan kwana a kan bene har ya iya ɗaukar sama da mutum 300, aka ɗaure shi kusa da dandamalin Edda 2/7 C da gada a tsakaninsu. Idan teku ya ɓaci sai a janye gadar, a ja shi baya da igiyoyin anga. A ranar ma ba a daɗe da yin hakan ba.

Mai haƙa a kan ruwa yana bukatar ya san ko yana daidai saman bakin rijiya. Don haka aka maƙala wa Kielland na'urorin sauraren sauti a ƙarƙashin ruwa, mu kira su kunnen ruwa, waɗanda ke karɓar sigina daga wata na'ura da ake ajiyewa a ƙasan teku. Ɗaya daga cikinsu aka sa a jikin matokari mai lamba D-6, ɗaya daga cikin na kwance na can ƙasa. Faɗin D-6 mita 2.6 ne, kaurin bangonsa milimita 26. Aka huda shi daga ƙasa, aka zura guntun bututu mai faɗin milimita 325 da kaurin milimita 20, aka kama shi da waldar kusurwa ciki da waje, mai kaurin milimita 6. A takardun zane wannan guntun bututu kayan aiki ne kawai, mazaunin na'ura. Ba a ɗauke shi a matsayin sashen da ke ɗaukar nauyi ba. Daga nan matsalar ta faro, domin ƙarfe ba ya karanta takarda. Duk abin da ka huda ko ka yi wa walda a jikin matokari ya zama sashen matokarin, ko ka rubuta hakan ko ba ka rubuta ba.

Abin da kwamitin bincike ya gano

Gwamnatin Norwe ta kafa kwamiti, ya miƙa rahotonsa a 1981. An kwaso karyayyun sassan, aka duba fuskar karayar kowanne. Matokarai biyar daga cikin shida sun nuna alamar karyewa farat ɗaya saboda nauyi ya fi ƙarfinsu: ƙarfen ya miƙe, ya lanƙwashe, ya yage. D-6 kuwa fuskarsa daban. Mafi yawanta sumul take, da layuka masu kama da sawun da ruwa ke bari a bakin gaɓa, alamar tsaga da ta yi ta tafiya tana tsayawa bisa ga yadda teku ya tashi ko ya kwanta. Aka bi layukan baya, suka kai ga gefuna biyu na ramin kunnen ruwa. Daga nan tsagar ta tashi, ta bi kewayen bututun ta dama da ta hagu, har ta ci kusan kashi biyu cikin uku na kewayen. Kewayen bututu mai faɗin mita 2.6 ya ɗan haura mita 8, ke nan tsagar ta zarce mita 5 kafin ragowar ƙarfen ya kasa.

A waldar kanta an sami aibi iri-iri a haɗe. Ba ta shiga jikin ƙarfen sosai ba, siffarta ba ta da kyau, kuma ƙarfen guntun bututun ba shi da ƙarfi ta fuskar kaurinsa, har ya yage falle-falle. Sai abin da ya fi komai tayar da hankali: a cikin wata tsaga mai tsawon kimanin milimita 70 an sami fenti. Fenti ba ya shiga tsagar da ba ta riga ta buɗe ba. Ke nan tun a masana'anta waldar ta tsage, mai fenti ya bi ta kai ya rufe.

Yana da kyau a tsaya a kan aibobi biyu, yagewar falle-falle da tsagar sanyi, domin har gobe ana haɗuwa da su. Yagewar falle-falle tana faruwa ne saboda a lokacin da ake murza farantin ƙarfe, ƙazantar da ke cikinsa, musamman mai sinadarin salfa, tana bajewa ta zama siraran shimfiɗu. Farantin yana da ƙarfi idan an ja shi ta tsawo ko ta faɗi, amma idan walda ta huce ta ja shi ta fuskar kauri, sai shimfiɗun su rabu kamar shafukan littafi. Maganinsa ƙarfe mai ƙarancin salfa wanda aka gwada ta fuskar kauri, da tsara haɗin yadda jan ba zai faɗa ta wannan fuska ba. Tsagar sanyi kuma aikin iskar haidirojin ce da ke shiga narkakken ƙarfe daga sandar walda mai laima, ko tsatsa, ko maiƙo. Ba ta fitowa nan take, sai bayan awanni, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa ake gasa sandunan walda a ajiye su a busasshen wuri, a ɗumama ƙarfe kafin a fara, sannan ƙa'idoji da yawa suke cewa a jira awa 48 kafin gwajin ƙarshe a manyan haɗe-haɗe. Wanda ya gwada walda da zafinta ya sa hannu, ya sa hannu ne a kan abin da bai gama faruwa ba.

Lissafin gajiyar ƙarfe

Ƙarfe yana gajiya. Idan ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, za ta karye ko da yake babu lanƙwasa ɗaya da ta isa ta karya ta. A teku igiyar ruwa ce ke yin wannan aiki. Idan aka ɗauka igiya ɗaya na wucewa duk daƙiƙa shida, to a rana an ja matokari an saki sau 14,400, a shekara sama da sau miliyan biyar. Mafi yawansu ƙanana ne, amma kowanne yana cin ɗan rabonsa daga rayuwar waldar, kuma abin da aka ci ba ya dawowa.

Ga haɗin walda, alaƙar da ke tsakanin girman jan da tsawon rai ba ɗaya-da-ɗaya ba ce. Adadin ƙaruwar jan ake ninkawa da kansa har sau uku, kamar 2 × 2 × 2. Idan jan ya ƙaru da rabi, rai ya ragu fiye da sau uku. Idan ya ninka biyu, rai ya ragu sau takwas. Waldar da aka yi wa lissafin shekara 24 ta koma ta shekara uku. Sannan zagayayyen rami a jikin faranti yana tara nauyi a gefunansa har kusan ninki uku na abin da ke sauran jikin. Idan an zura bututu a ramin aka kama shi da walda mai kyau, bututun yana ɗauke wani kaso, taruwar ta ragu sosai. Idan waldar ta tsage, bututun ya zama baƙo, ramin ya koma rami tsirara, ga kuma tsaga mai kaifi a daidai inda nauyin ya fi taruwa. Abin da ya sami D-6 ke nan. Ɗan hakin da aka raina shi ya tsone ido.

Ba a yi wa wannan wuri lissafin gajiya ba a lokacin zane. Tunda ba a yi lissafi ba, bai fito a matsayin wuri mai haɗari ba. Tunda bai fito ba, bai shiga jadawalin dubawa ba. Kowane mataki ya dogara da wanda ya gabace shi, kuma babu wanda ya koma baya ya tambaya.

Me ya sa ba a gan ta ba

Tsaga mai tsawon mita biyar ba ƙaramin abu ba ce. Ko tana da tsawon mita ɗaya ma mai nutso da fitila zai iya ganinta idan an kankare wurin. Dalilai uku suka haɗu.

Na farko, tazarar dubawa. Babban binciken da ake yi wa irin wannan dandamali duk shekara huɗu ne, kuma Kielland bai kai ga na farkonsa ba. Duban shekara-shekara kuma ba ya kaiwa ga irin wannan wuri, domin matokaran ƙasa suna nutse a lokacin aiki, sai an rage ruwan daidaito, wato ruwan da ake cika tankunan dandamalin da shi don ya nutse, an ɗago shi a yanayi mai kyau kafin su fito. Duk rayuwar tsagar, daga masana'anta zuwa karaya, ta shige cikin tazara ɗaya. Ƙa'idar da ake bi yanzu ita ce a lissafa tsawon lokacin da tsaga za ta ɗauka daga girman da na'ura ke iya gani zuwa girman da zai karya sashen, sannan a sa tazarar dubawa ta gaza wannan lokaci da nisa, yadda za a sami damar ganinta fiye da sau ɗaya. Kalanda ba ta san saurin tsaga ba.

Na biyu, matokaran ƙasa na Kielland a buɗe suke ga ruwan teku, da gangan aka bar su cike da ruwa. Da a ce a rufe suke babu ruwa a ciki, to ranar da tsagar ta huda bangon milimita 26 ruwa zai fara shiga, na'urar gano yoyo ta yi ƙara a ɗakin sarrafawa tun tsagar tana 'yar ƙarama. Wannan dabara, wato a bar sashe ya yi yoyo kafin ya karye, ita ce mafi arha cikin duk hanyoyin sa ido, kuma bayan wannan hatsari ta zama abin da ake nema a matokaran dandamali masu iyo. A ganinmu da za a ce a zaɓi gyara ɗaya tak a ƙirar Kielland don a ga tsagar, wannan za a zaɓa.

Na uku shi ne wanda aka riga aka faɗa: ba a nemi wurin ba. Mai duba yana zuwa inda takarda ta aike shi.

Yadda ake sa ido a yau

Ƙa'idojin da ake aiki da su yanzu, irin su API RP 2SIM na Amurka, ISO 19901-9, da NORSOK N-005 na Norwe, duk a kan zagaye ɗaya suke: a tara bayanai, a tantance su, a tsara dabara, a aiwatar da dubawa, sakamakon ya koma cikin bayanan. Sashen da aka fi yi wa sakaci shi ne na farko. Dole a sami rajistar kowane abu da aka taɓa yi wa walda a jikin babban ƙarfe: mazaunin na'ura, madafar kebul, maratayin anod (dunƙulen ƙarfen da ke hana tsatsa), kunnen ɗagawa da aka yi amfani da shi lokacin gini aka yanke ba a goge ba, ramin magudana, mazaunin tsani. Zanen da aka yi kafin gini ba ya isa, sai zanen abin da aka gina a zahiri, domin a masana'anta da kuma a teku ana ƙara abubuwa da yawa da mai zane bai taɓa gani ba.

Daga rajistar ake ba kowane wuri daraja bisa tambaya biyu: yaya yiwuwar ya tsage, kuma idan ya tsage me zai biyo baya. A ƙa'idojin Norwe ana ninka rayuwar da ake bukata da wani adadi tsakanin 1 da 10. Wurin da ake iya dubawa cikin sauƙi kuma karyewarsa ba za ta rushe ginin ba yana samun 1. Wurin da ba a iya kaiwa gare shi kuma karyewarsa babbar masifa ce yana samun 10, wato idan ana son ya yi shekara 20 dole lissafinsa ya nuna 200.

Dubawar kanta hawa-hawa ce. Ana farawa da duban gaba ɗaya da na'urar nutso mai kyamara wadda ake tuƙawa daga jirgi. Wannan yana nuna sashen da ya ɓace, ko ya lotsa, ko tarkacen da ya faɗo, ko yashin da ruwa ya kwashe a gindin ƙafa, amma ba ya nuna tsaga sai ta riga ta yi girma. Sai duban kusa, wanda ba ya yiwuwa sai an kankare ƙwanso da ciyawar teku da ruwa mai matsi har ƙarfe ya fito. Kankarewar ce ke cin mafi yawan lokaci da kuɗi, kuma a nan ake yawan yin ha'inci. Sai gwajin na'ura a bakin walda. Gwajin garin maganaɗisu yana bukatar ƙarfe tsirara: a sa maganaɗisu, a fesa garin ƙarfe mai ƙyalli, garin ya taru a kan tsaga. Gwajin da ke aiki da filin lantarki mai juyawa yana iya gani ta cikin fenti, kuma yana ba da kiyasin tsawo da zurfi. Gwajin sautin da kunne ba ya ji yana auna kaurin da ya rage da aibin da ke ɓoye a ciki. Ga sassan da aka rufe babu ruwa, ana bi da na'urar gano ruwa, mai aiki da sauti ko da hasken gamma mai ratsa ƙarfe, a tambayi kowane bututu tambaya ɗaya: akwai ruwa a cikinka? Yana da sauri, ba ya bukatar kankara mai yawa, amma sai tsaga ta huda bango yake gani, don haka yana da amfani ne kawai a ginin da zai iya jira daga hudawa zuwa zagayen dubawa na gaba.

Babu gwajin da ke gani ɗari bisa ɗari. Kowanne yana da yiwuwar ganowa da ke ƙaruwa da girman tsaga, kuma tana raguwa a ruwa mai duhu, ko mai ja, ko a hannun wanda ya gaji. Rahoton da ya ce ba a ga komai ba yana nufin ba a ga abin da ya kai girman da wannan na'ura ke gani a wannan yanayi ba. Injiniyan da ya karanta shi a matsayin babu tsaga ya ƙara wa rahoton abin da bai faɗa ba.

Tsatsa tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da gajiya. Ana kare ƙarfen da ke nutse da anod, wato dunƙulen alminiyam mai gauraye da zinki da indiyam, wanda ke narkewa a madadin ƙarfen. Ana auna kariyar da sandar gwaji ta azurfa, ana neman ƙarfen ya kai milibolt 800 a ƙasa da sifili ko ya zarce. Idan kariyar ta faɗi, ban da cin kauri, saurin tsaga ma yana ƙaruwa, lissafin gajiyar da aka yi bisa zaton akwai kariya ya tashi daga aiki. Idan kuma kariyar ta yi yawa, haidirojin na iya shiga ƙarfe mai tauri sosai, kamar kusoshi da wasu sassan kayan ƙasan teku, ya sa su karye ba gargaɗi. Yankin da ruwa ke fantsama, tsakanin sama da ƙasa, anod ba ya kare shi yadda ya kamata, sai fenti mai kauri da ƙarin kaurin ƙarfe.

Akwai kuma sa ido na dindindin: na'urorin auna girgiza da ke bin yadda ginin ke kaɗawa, na'urorin auna miƙewar ƙarfe, na'urorin sauraren ƙarar da tsaga ke yi idan tana tafiya, da ma'aunin jan igiyoyin anga. Ana yawan zuzuta su fiye da kima. Auna kaɗawa yana gane sashen da ya riga ya yanke gaba ɗaya, domin sai a lokacin taurin ginin ke canjawa sosai. Tsagar da ta ci rabin kewaye ba ta cika motsa adadin ba, kuma canjin nauyin kaya a bene ko kaurin ƙwanso na iya rufe ɗan abin da ta motsa. A kan ginin da ke da matokarai da yawa, sanin cewa ɗaya ya yanke labari ne mai amfani. A kan Kielland labarin zai zo ne tare da ƙarar karayar.

Gini mai hanya ɗaya

Wannan ya kawo mu ga aibin da ya fi waldar girma. Da D-6 ya karye, nauyinsa ya faɗa kan sauran biyar, ba su iya ɗauka ba, suka bi shi ɗaya bayan ɗaya cikin ɗan lokaci. Ba a ƙera ginin ya rayu bayan rasa matokari ɗaya ba. Walda marar kyau za a ci gaba da samunta muddin mutane ne ke walda, a gini mai dubban haɗe-haɗe. Abin da mai zane ke da iko a kai shi ne kada aibi ɗaya ya isa ya kashe. Bayan hatsarin hukumomin Norwe sun shigar da wannan cikin doka: dole a nuna da lissafi cewa ginin zai tsaya bayan lalacewar sashe ɗaya, kuma dandamali mai iyo ya kasance da ajiyar iyo, misali a jikin bene, da za ta riƙe shi idan ya yi mummunar karkata.

Ko bayan ɓallewar ƙafar, minti ashirin ɗin nan sun iya fin haka. Ruwa ya shiga bene da wasu ƙafafun ta ƙofofi da ramukan iska da ke buɗe, shi ya gaggauta kifewar. Rufe ƙofar da ke hana ruwa shiga aiki ne na kullum, marar daɗi, musamman idan an ratsa kebul ko tiyo ta cikinta, amma lissafin daidaiton dandamali gaba ɗaya a kan zaton tana rufe aka yi shi.

Jiragen ceto bakwai ne a kai, kowanne na mutum 50. Ƙugiyoyinsu ba sa sakin jirgi sai nauyi ya sauka daga kansu, abin da ba ya samuwa a teku mai tashi da faɗuwa, sai igiyar ruwa ta yi ta buga jiragen da jikin dandamalin tana farfasa su. Daga baya dokokin jiragen ruwa na duniya suka koma ga ƙugiyar da ke iya saki ko da nauyi a kanta, Norwe kuma ta wajabta rigar kariya daga sanyi ga kowane mutum a teku.

Canjin aiki da tsufa

Dandamalin da aka zana don haƙa, aka mai da shi masaukin ɗaruruwan mutane, ya canja ta fuskar nauyi, da yadda ake ɗaure shi, da kuma yawan rayukan da ke kansa. Kwamitin bai ɗora karayar a kan wannan canji ba, amma a tsarin yau kowane irinsa yana tilasta a sake tantancewa: ƙarin nauyi a bene, ƙarin mutane, sabon wurin aiki, lalacewar da aka gano, sabon bayani game da tsayin igiyar ruwa, ko nitsewar ƙasan teku. Na ƙarshen ya faru a Ekofisk ɗin kansa, inda ƙasa ta yi ta sauka saboda man da ake zuƙewa, har a 1987 aka yanke ƙafafun wasu dandamali aka ɗaga su da kimanin mita shida. Kunnen ruwan da ya jawo karayar Kielland kuwa kayan haƙa ne, a kan dandamalin da bai taɓa haƙa ba.

Idan an gano tsaga da wuri, gyara ba shi da wuya. Marar zurfi ana goge ta da dutsen gurza, a bar wurin sumul, a sake gwadawa. Ana iya goge bakin walda ko a daddoke shi da guduma ta musamman tun kafin ya tsage don a ƙara masa rai. Wadda ta huda bango ana huda rami a ƙarshenta don a rage kaifin, amma wannan na wucin gadi ne kafin a ɗaura maƙalar ƙarfe mai kusoshi a cika tsakaninsu da siminti, ko a yi walda a busasshen ɗaki da ake saukarwa ƙarƙashin ruwa. Ga ginin da ya wuce shekarun da aka zana masa, NORSOK N-006 ya tsara yadda ake sake lissafi, kuma a nan ne tsofaffin takardu ke yin rana: wanda ya ɓatar da bayanan walda da sakamakon dubawar shekarun baya dole ya ɗauki mafi munin zato a ko'ina.

Ƙarshen Kielland

An jawo gawar dandamalin zuwa gaɓar Norwe a kife. Yunƙurin farko na juyo shi bai yi nasara ba, sai a 1983 aka samu aka miƙar da shi, aka bincika cikinsa, aka sami gawarwaki shida. A ranar 18 ga Nuwamba 1983 aka nutsar da shi a mashigin Nedstrand, a zurfin kimanin mita 700. Ƙwararrun da kotun Faransa ta naɗa sun fitar da nasu rahoto da ya saɓa wa na Norwe a kan musabbabi, kuma da yawa daga waɗanda suka tsira da iyalan mamatan sun shafe shekaru suna neman a sake bincike. A 2021 ofishin babban mai binciken kuɗi na Norwe ya duba yadda hukumomi suka tafiyar da lamarin. Bai ga dalilin sabon bincike a kan musabbabin ba, amma ya soki yadda aka bar batun alhaki ba a bi shi har ƙarshe ba, da yadda aka yi watsi da waɗanda suka tsira da iyalan waɗanda suka rasu. Majalisar dokokin ƙasar ta nemi afuwarsu a wannan shekarar.